KAFIN A KAI ASIBITI: Nas-Nas Na Unguwa Da Agajin Gaggawa A Mubi

(Jawabin da aka gabatar a zaman ƙungiya a madadin kwamitin jin daɗin jama'a)



Mai girma shugaban wannan zama, mai girma Sarkin Hausawa da 'yan majalisarsa, malamanmu, iyayenmu mata, shugabannin 'yan kasuwa da na direbobi, 'yan agaji, da sauran 'yan'uwa, muna yi wa kowa barka da zuwa, da fatan an baro gida lafiya.

Kwamiti ne ya ɗora mana wannan magana. Mu dai ba likitoci ba ne, 'yan kasuwa ne, iyakarmu allo da Islamiyya, sai lissafin kanti. Amma mun zauna da ma'aikatan lafiya, mun yi tambaya, sun ba mu amsa, abin da muka tattaro shi za mu baje a gabanku. Maganar ita ce, ma'aikatan jinya da ke zaune cikin unguwanninmu, wato nas-nas da ungozomomi da malaman asibiti na ɗakunan shan magani, yaya za a yi a shirya su su zama su ne masu fara isa kan mutum in ta ɓaci, tun kafin a kai shi asibiti? Sa'an nan mu, mene ne namu a ciki?

Bari mu fara da lissafi, tun da shi muka fi iyawa. Daga nan Mubi zuwa Yola kusan kilomita 200 ne. Ka bi ta Hong, ka bi ta Gombi, ka wuce Song da Girei, tafiyar awa uku ce ko huɗu, gwargwadon halin hanya da halin mota. To, jinin da ke jikin babban mutum gaba ɗaya bai wuce lita biyar ba, wato kamar ledar fiya-wata goma. In babbar jijiya ta tsinke a cinya ko a dantse, mutum na iya ƙarewa cikin minti biyar. In numfashi ya tsaya, ƙwaƙwalwa kan fara lalacewa bayan minti huɗu zuwa shida. Ku ɗora minti biyar ɗin nan a sikeli ɗaya, ku ɗora awa uku a ɗaya sikelin. Kai, a bar ma maganar Yola. Daga Lokuwa ko Kolere ko Yelwa zuwa babban asibitinmu na nan cikin gari, da tsakar dare, kafin a tada mai Keke, kafin ya sami makulli, minti nawa ne suka tafi? Ashe ke nan rai da yawa ba a asibiti ake yanke hukuncin tsirarsa ba, a ƙofar gida ne, ko bakin titi, ko tsakiyar kasuwa. Wanda ya fara durƙusawa a kan mutum, shi ne likitan wannan minti biyar ɗin, ko ya iya ko bai iya ba.

Garin nan kuwa ba sai an ba shi labari ba. Ranar 1 ga Oktoba, 2012, aka kashe ɗalibai da dama a Wuro Patuji. Ranar 1 ga Yuni, 2014, bam ya tashi a Kabang bayan an tashi kallon ƙwallo. A ƙarshen Oktoban wannan shekara 'yan Boko Haram suka shigo suka riƙe garin, muka watse, wasu Yola, wasu kan duwatsu, wasu Kamaru, sai cikin Nuwamba aka ƙwato shi. Ranar 21 ga Nuwamba, 2017, aka tada bam a masallacin Madina da ke Unguwar Shuwa ana sallar asuba, 'yan sanda suka ce aƙalla mutum 50 suka rasu. Ranar 1 ga Mayu, 2018, da azahar, ɗaya ya tashi a masallaci, jim kaɗan na biyu ya tashi cikin mutanen da suka fito a guje ta wajen kasuwa. Hukuma ta ba da adadin da bai kai 30 ba da farko, masu haƙar kabari suka ce sun binne fiye da 80. Allah ya jiƙansu da rahama. Akwai wani abu game da wannan rana da bai kamata a manta ba: ma'aikatan lafiya suna cikin yajin aiki a lokacin, amma suka ajiye yajin suka fito suka karɓi masu rauni. Waɗanda abin ya yi wa tsanani aka wuce da su asibitin tarayya na Yola, wanda yanzu ya zama asibitin koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama. Ba a gama makoki ba, cikin watan Mayun nan dai, sai amai da gudawa ya ɓarke a Mubi ta Arewa da Mubi ta Kudu, ya kwantar da ɗaruruwan mutane.

Mun kawo waɗannan ba don tada tsohon miki ba. Alhamdu lillahi, kasuwa ta dawo, tike ya cika, manyan motoci na lodin shanu zuwa kudu. Amma gaggawar da ke cin mutane a yau ba ta da ƙara irin ta bam. Bijimi ne ya soki yaro a tike. Mota ce ta kife a hanyar Sahuda ko hanyar Maiha. Yaro ne ya tafi wanka Yedzaram da damina ya sha ruwa. Manomi ne kububuwa ta sara a gona. Tukunyar gas ce ta fashe, ko mai da aka ɓoye a ɗaki ya kama. Fiye da duka, mace ce ta haihu da ƙarfe biyu na dare jini ya ƙi tsayawa. Wannan ba ya shiga rediyo, sai dai ka ji sanarwar jana'iza bayan sallar asuba.

To, a irin wannan hali wa ake bugawa ƙofa? Kowa a nan ya san amsa. Nas ɗin da ke layinku ake tadawa, ko malamin asibitin da ke haya a bayan masallaci. Wato aikin ya riga ya hau kansu, ko an ba su ko ba a ba su ba. Abin da ya rage shi ne, shin an koya musu shi? Domin jinya daban, agajin gaggawa daban. Wadda ta ƙware wajen awon ciki da allurar rigakafi da ba da maganin zazzaɓi, ba lallai ba ne ta taɓa durƙusawa a bakin titi kan mutum shida masu jini, ba likita, ba wuta, jama'a ɗari sun kewaye ta kowa na ba da umarni. Kamar a ce mai sayar da atamfa ne aka ce ya je tike ya yi cinikin sa. Ɗan kasuwa ne, ba shakka, amma sai an nuna masa inda ake dubawa.

Horon kuwa akwai shi, ba mu ne za mu ƙirƙiro ba. A shekarar 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya tare da ƙungiyar Red Cross ta duniya suka fitar da wani kwas na kamar kwana biyar, musamman don ma'aikatan da ke aiki inda kayan aiki suka yi ƙaranci. Gishirin kwas ɗin shi ne bin tsari. Ba inda ihu ya fi yawa ake fara dubawa ba. A fara da maƙogwaro, shin hanyar iska a buɗe take? Sai numfashi. Sai jini, yana zuba ko yana gudana daidai? Sai hankali, yana amsawa? Sa'an nan a duba jiki duka, gaba da baya, don kada wani rauni ya ɓuya a ƙarƙashin riga. In kuwa jini na tsartuwa, shi ake fara tarewa kafin komai. Wata nas ta gaya mana cewa mai kururuwa yana da iska a ƙirjinsa, wanda ya yi shiru a gefe shi ne abin tsoro. Saboda haka in masu rauni sun yi yawa, akan tantance su: wanda ba zai iya jira ba, wanda zai iya jira kaɗan, da wanda ke tafiya da ƙafarsa. Jama'a kuwa sun saba, wanda ya fi kusa, ko wanda aka fi sani, shi ake fara jefawa a mota.

A nan za mu ɗan tsaya, don abin ya shafi kowa. Akwai taimakon da ke ƙarasa mutum. Wanda ya suma, sai a ɗaga kansa a ɗura masa ruwa ko madara, ruwan ya bi ta huhu. Daidai shi ne a kwantar da shi a gefensa, don in ya yi amai ya zubo waje. Wanda ya faɗo daga kan mota ko bene, sai mutum huɗu su kama hannu da ƙafa su yi ta lilo da shi, alhali ƙila ƙashin wuya ne ya tsage, ɗaukar nan ce za ta shanye masa jiki har abada. Ƙuna, sai a shafa ɗanyen ƙwai ko man goge baki ko baƙin mai, alhali ruwa mai tsabta mai ɗan sanyi ake zubawa kamar minti ashirin. Miki mai jini, sai a cusa ƙasa ko toka, alhali tsumma mai tsabta za a sa a danne da ƙarfi, a ci gaba da dannewa, ba a ɗagawa ana leƙe. In a hannu ne ko ƙafa kuma dannewa ta kasa, akwai maɗauri na musamman da ake ɗaurewa sama da mikin, a rubuta lokacin da aka ɗaura. Amma wannan maɗaurin ba na sarar maciji ba ne. Sarar maciji ba a tsagawa, ba a tsotsewa, ba a ɗaurewa tamau. A hana ƙafar motsi, a cire zobe ko abin hannu, a nufi inda ake da allurar dafi. Duk wanda ya san asibitin macizai na Kaltungo a jihar Gombe ya san abin da jinkiri da tsage-tsage ke jawowa. Yaro mai jijjiga kuma ba a cusa masa cokali a baki, ba a kanga ƙafarsa a wuta. Duk wanda ya yi waɗannan da kyakkyawar niyya ya yi, amma kyakkyawar niyya ba ta tsayar da jini.

Yanzu ga maganar iyayenmu mata, kuma muna roƙon maza su buɗe kunne fiye da matan. Zubar jini bayan haihuwa shi ne kan gaba cikin abin da ke kashe masu jego a duniya. Ma'aunin haɗari rabin lita ne, wato ledar fiya-wata ɗaya tak. Matsalar ita ce ido ba ya iya awo, zane ya shanye, katifa ta shanye, ana cewa ai jinin biƙi ne. A shekarar 2023 aka fitar da sakamakon wani babban bincike da aka yi a asibitoci 80 a Nijeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, kan mata fiye da 200,000. Cikin jagororinsa akwai 'yarmu, Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero, Kano. Abin da suka yi bai fi ƙarfin talaka ba: wata leda ce mai ma'auni ake shimfiɗa wa mai haihuwa, jinin ya taru a gani da lamba, da ya kai iyaka sai a haɗa magani gaba ɗaya a lokaci guda, a murza mahaifa, a yi allurar da ke tsuke ta, a ba da maganin daskarar da jini, a sa ƙarin ruwa. Mummunar zubar jini da abin da ke biyo bayanta suka ragu da kashi 60 cikin 100. A asibiti aka yi wannan gwaji, ba a gida ba, kada wani ya ce mun ce a zauna a gida. Amma ya nuna cewa ganewa da wuri a hannun ungozoma mai horo shi ne rabin aikin. Haka nan jijjigar masu ciki, akwai allurar da ake fara yi kafin a ɗora mace a mota.

Sai dai duk ƙwarewar ungozoma, in an ce maigida ya tafi cin kasuwar Maiduguri ko Garwa, kuma ba wanda zai ba da izinin fita, to aikinta ya tsaya a zaure. Mu fatake ne, rabin wata muna kan hanya. Kowane magidanci ya bar izini a gidansa tun yau, a gaban shaidu, cewa in ta ɓaci a fita da iyalinsa ba sai an same shi a waya ba, ya kuma ajiye kuɗin mota a hannun uwargida. Malamanmu na nan, su gyara mana in mun kauce, amma abin da muka koya a Islamiyya shi ne tsare rai na cikin manyan abubuwan da shari'a ta zo don su. Mun kuma karanta tarihin Rufaida Al-Aslamiyya, wadda aka kafa wa tanti a masallacin Madina tana jinyar masu rauni, har Sa'adu bin Mu'azu a can aka kwantar da shi bayan yaƙin Khandaƙ. To, mai cewa ba ya son namiji ya duba matarsa, kuma shi ne ya hana 'yarsa karatun jinya, ina yake so a samo macen? Ga Kwalejin Fasahar Lafiya, ga makarantar nas da ungozoma a Yola. Hukumar nas-nas ta ƙasa ma ta fito da kwas na shekara biyu don 'ya'yan yanki su yi karatu su koma su yi wa yankinsu aiki. In an je waɗannan makarantu, 'ya'yan maƙwabtanmu Gude da Fali da Kilba da Margi da Higi ne suka fi yawa, Allah ya saka musu, su ne ke karɓar haihuwar matanmu. Namu nawa ne? Kowa ya ƙirga na layinsu.

Wani zai ce, wannan duk aikin gwamnati ne. Gaskiya ne, kuma doka ma ta faɗa. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana kowane asibiti ko ma'aikaci ƙin karɓar mai buƙatar agajin gaggawa, ta kuma ware kashi 5 cikin 100 na asusun kiwon lafiya na matakin farko don wannan aiki. Dokar 2017 ta wajabta a yi wa mai raunin harbi magani ba sai an jira takardar 'yan sanda ba, ta kuma ce kada a tsangwami wanda ya kawo shi. A 2022 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da tsarin motocin ɗaukar marasa lafiya na ƙasa. Akwai lambar 112 ta neman agaji, akwai 122 ta Hukumar Kiyaye Haɗurra. Mu riƙe waɗannan, mu nemi haƙƙinmu da su wajen ciyamomi da 'yan majalisa. Amma ko motar asibiti na tsaye da direba a ciki, sai ta taso kafin ta iso, minti biyar ɗin nan kuwa ba ya jiran kowa.

An gwada irin abin da muke faɗa a wasu wurare. A arewacin Iraƙi da ƙasar Kambodiya, inda nakiyoyin da aka binne lokacin yaƙi ke tashi da manoma, kuma asibiti na da nisan sa'o'i, an horar da ma'aikatan lafiya na ƙauye daga 1997, su kuma suka horar da dubban mutanen gari. Mutuwar masu rauni ta sauko daga kamar kashi 40 cikin 100 zuwa kamar 15. Ba sabon asibiti aka gina ba, hannun farko aka gyara. A Ghana, wajen Kumasi da iyayenmu suka sani da fataucin goro, direbobin haya fiye da 300 aka koya wa agajin farko, don an lura su ne ke kwaso masu haɗari. A nan jihar Adamawa ma, tsakanin 2013 da 2018, ƙungiyar direbobi ta NURTW ta yi wani shiri na kai mata masu naƙuda asibiti, dubban mata suka amfana. Shugabannin tasha da ke zaune a nan sun fi mu sanin wannan.

Ga abin da kwamiti ke kawowa gabanku. Mu fara da mutum goma sha biyu, mata takwas, maza huɗu, cikin ma'aikatan da ke da takardar aiki kuma suke kwana a unguwanninmu, ko Bahaushe ko ba Bahaushe ba, ko Musulmi ko Kirista, domin jini bai san yare ba. Mu rubuta wa hukumar lafiya matakin farko ta jiha da reshen Red Cross mu nemi masu koyarwa, mu mu ɗauki nauyin wuri da abinci da kuɗin mota. Ba a taɓa aikin kowa na gwamnati ba, da sanin shugabanninsu za a yi. Kowane ɗaya a ba shi jaka: safar hannu, bandeji, auduga, almakashi, maɗauri, tocila, abin awon jini, jakar hura iska, ruwan ƙari, da ƙunshin gishiri da sukari. Magungunan da sai da izini, wannan tsakaninsu ne da hukumarsu, ba mu sa baki.

Jakar nan ita ce inda muke jin tsoro, don mun san halin kaya. Sayen farko ba wuya, ranar ƙaddamarwa kowa zai ba da gudummawa a ɗauki hoto. Wata shida gaba fa? Bandeji ya ƙare, batir ya mutu, ruwan ƙari ya wuce wa'adinsa, allurar tsuke mahaifa kuwa in ba a firji take ba zafin Mubi na watan Maris zai kashe ƙarfinta tana nan cikin kwalba kamar lafiya lau. An taɓa sayar wa ɗaya daga cikinmu kwalin safar hannu a wani shago, aka buɗe duk sun manne sun ruɓe. Saboda haka a naɗa mutum biyu masu riƙe littafi, duk ƙarshen wata su bi jaka-jaka kamar yadda muke ƙirga kayan kanti, abin da ya fita a mayar, abin da ya kusa lalacewa a canza. Kuɗin kuma kada a dogara da alhazai uku. A sa shi cikin kuɗin wata na kowane ɗan ƙungiya, kome ƙanƙantarsa. Horon ma haka, hannu na mantuwa, sai an riƙa maimaitawa ko sau biyu a shekara. Ba a fafe gora ranar tafiya.

'Yan agajinmu na Jama'atu da na Izala da na Fityanu, ga naku. Mace ba za ta fito ita kaɗai da ƙarfe biyu na dare ba, sai da rakiya. In ta isa, aikinku ne ku buɗe mata fili, ku kori 'yan kallo da masu ɗaukar hoto da waya, ku riƙe fitila, ku tsayar da mota. Mun ga a 2018 cewa inda jama'a suka taru nan ne hari na biyu ke nema, don haka kora ma ceto ce. Su nas-nas ɗin in sun samu horo za su koya muku, ku da direbobi da matasan tike, yadda ake danne jini da yadda ake ɗaukar mai karaya a kan ƙyaure ko katako. Direbobi kuma a fitar da jeri, unguwa-unguwa, wane ne ke da kwanan shiri a wannan mako, a manna lambarsa a ƙofar masallaci, man da ya ƙona ƙungiya ta biya. Kafin mota ta tashi a buga wa asibiti waya su san abin da ke tafe. Matasa masu lafiya kuma su je a auna rukunin jininsu a rubuta, don kada sai ana nema a shiga bin gida-gida.

Abu na ƙarshe, kuma su ma'aikatan ne suka roƙa a faɗa. In sun yi iyakar ƙoƙarinsu Allah ya karɓi abinsa, kada a wayi gari ana nuna su da baki a unguwa, ana cewa allurar wance ce ta kashe shi. Wata ta ce mana wannan tsoron ne ke sa wasunsu yin kamar ba su ji bugun ƙofa ba. Muna so Sarki da limamai su ɗauki alkawari a wannan zama cewa duk wanda ke da ƙorafi ya kawo gaban kwamiti, ƙungiya kuma za ta tsaya wa ma'aikacin, har ofishin 'yan sanda in ta kai ga haka.

Magatakarda na bakin ƙofa da littafi biyu. Na farko na masu unguwanni ne, kowa ya rubuta sunayen ma'aikatan jinya da ke kwana a unguwarsa. Na biyu na direbobi ne da masu ba da jini. Iyaye mata, uwar ƙungiya za ta zagayo da nasu. Muna so a kammala kafin Juma'a ta sama, don wasiƙa ta tafi Yola ranar Litinin. Wanda ke da tambaya ko gyara, shugaba zai ba da dama yanzu.